Yaya Hamani, Wakilin Ƙararrawa a Ƙonni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 17 ga watan Maris 1997, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana Hamani Buba a gidansa da ke Birnin Ƙonni, bayan ciwon hanta da ya kwantar da shi tun kafin azumi. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma wakilin jaridar Ƙararrawa a Ƙonni da Malbaza da Illela tun daga ranar da aka kafa ta. An yi masa sutura bayan azahar. Ni ce ƙanwarsa Zeinabou, uwa ɗaya uba ɗaya, mai koyarwa a Illela.

Yaya, da kai zan yi magana, don ban gama da kai ba. Mutane sun zo sun faɗi alherinka, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni kuwa da haushi na zo, kuma ka san ba yau na fara jin sa ba.

Ranar sadakar uku, jaridarka ta turo wani mutum daga Yamai da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ƙofar gidanka ta cika, tabarmi har bakin titi. Mutumin bai ko gama gaisuwa ba ya ja da baya ya ɗaga na'urar. Sai tsoho Chindo, maigarin Tungar Malami ta ƙasar Bazaga, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malam, aje wanga abu."

"Baba, ai daga jaridar marigayi nake."

"Don haka na ce ka aje. Mun san abin da kuke rubutawa ƙarƙashin hoto."

Mutumin ya sauke hannu, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Baƙin da suka zo daga nesa ba su gane abin da ya sa tsohon ya yi haka ba. Saboda su nake wannan rubutu, da kuma saboda 'ya'yanka, waɗanda za su girma su tarar da abin da jaridar ta rubuta a kanka.

Lokacin da aka yi babban taron ƙasa aka buɗe bakin kowa, jaridu suka yi ta fitowa a Yamai. Ƙararrawa na cikinsu. Da Faransanci take fitowa, mako-mako, kuma a ƙarƙashin sunanta an rubuta cewa ba ta bin kowa sai gaskiya. Wannan layin kaɗai ya raba ka da alli. Ka bar aikin gwamnati mai tabbas, ka ɗauki jakar fata da tsohon babur. Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi kuka. Ni na yi maka faɗa, ka yi mini dariya, ka ce duk shekarun da muka yi ƙarƙashin soja ana gaya mana abin da za mu ji, yanzu mu ma za a ji mu.

Duk Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, motar Yamai takan sauke ƙunshin jaridar a tasha. Sai ka hau bencin mai shayi ka buɗe ta, kana karanta Faransanci da ido kana fitar da Hausa da baki. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu da masu canjin naira, har Filanin da suka kawo dabbobi, duk sai su yi maka zobe. Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. In an zagi wanda kake so, haka za ka fassara zagin da nauyinsa. In ka gama ba ka tafiya: mai takardar duwan, wato kwastan, da bai gane ba ya miƙo maka, mai ɗa a lakwal ya kawo maka sakamakon jarrabawa, kai kuma ka zauna har rana ta karkata ba ka ci komai ba. Mutanen Ƙonni ba su taɓa ganin buron jaridar, wato ofishinta, ba, ba su san sunan mai ita ba. A wurinsu kai ne jaridar. Malam Ƙararrawa suke ce maka. Tun a lokacin na gaya maka wannan suna zai zame maka wahala.

Sai ga zaɓen shugaban ƙasa na 1993. Tsakanin zagaye na farko da na biyu, jaridar da ta ce ba ta bin kowa ta fito da hoton ɗan takara guda a shafin farko, da manyan baƙaƙe tana gaya wa jama'a shi za su zaɓa. Ba wanda ya buga maka waya, ba wanda ya aiko maka da saƙo. A tasha ka kwance ƙunshin ka gani, daidai lokacin da kowa ya gani. Ina wurin ran nan, na shigo cefane. Na matso kusa da kai na ce, "Yaya, ka ce motar ba ta kawo ba. Ko ka tsallake wannan shafin." Ka dube ni kamar na ce ka yi sata. Ka hau benci ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, har da inda aka kira magoya bayan ɗaya ɗan takarar masu son mayar da ƙasa baya. Rabin masu sauraronka su ne waɗannan mutanen. Da ka gama ka naɗe jaridar ka ce:

"Wanga ra'ayin masu jarida ne a Yamai. Ba a tambaye ni ba. Ƙuri'arku taku ce."

Wa zai yarda? Waɗanda aka yaba suka yi maka tafi, suka ce ashe kai nasu ne. Waɗanda aka zaga suka tofar da yawu suka watse. A cikinsu har da surukinka Alhaji Attahiru, mahaifin matarka Sa'a, mai manyan motocin dakon kaya, wanda shi ne jigon jam'iyyar da aka zaga a garin. Kafin la'asar ya aiko cewa kada ka ƙara taka masa zaure. A makon ne Sa'a ta haihu. Ranar suna dangin Alhaji ba su zo ba, direbobinsa ba su zo ba, rabin tabarmin da muka shimfiɗa ba wanda ya zauna a kai. Sa'a tana ɗaki tana share hawaye da bakin zane. Da liman ya sunkuyo ya tambaye ka sunan yaro, ka ce Attahiru. Na ji kamar in jefe ka da murfin tukunya. Mutum ya kore ka daga gidansa, kai kuma kana yi masa takwara. Da na yi magana sai ka ce ai kakan yaron ne, kuma ba jarida ce ta haifi Sa'a ba.

Wannan duka ƙarami ne a kan abin da ya biyo baya.

A cikin kwanakin nan rijiyar Tungar Malami, wadda ita kaɗai ce ƙauyen ke sha, ta rufta da wani mai yasar rijiya da ake ce wa Mumuni. Ka hau babur ka je. Ka tarar da duk ƙauyen, maza da mata, sun kewaye bakin rijiyar ana ƙoƙarin fito da gawarsa. Ka ɗauki hoto, ka rubuta rahoto, ka roƙi hukuma ta kawo ɗauki kafin bazara ta yi tsanani, ka ba direban motar Yamai. Mako na gaba, wanda shi ne fitowa ta ƙarshe kafin jefa ƙuri'a, hoton ya fito a shafin farko. An yanke rijiyar. Abin da ya rage shi ne cincirindon mutane, a gabansu wata mace ta ɗaga hannuwa sama baki buɗe. A ƙarƙashi aka rubuta cewa jama'ar ƙasar Bazaga ne suka yi dafifi suna guɗa don nuna goyon baya ga ɗan takarar jaridar. Matar nan ita ce matar Mumuni, tana kururuwar mutuwar mijinta. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe: hoto da rahoto daga Hamani Buba.

Yaya, ban taɓa ganin fuskarka yadda ta koma ran nan ba. Ba ka hau benci ba. Ka ɗauki jarida guda ka cusa a jaka ka kama hanyar Bazaga. Sa'a ta riƙe maka riga da jego a jikinta, ni na tare ƙofa, ka ce gara su ji daga bakinka. Maigari Chindo ya ba ni labarin sauran daga baya. Ya ce ka tsaya a gaban zaurensa ka nuna musu hoton, ka fassara abin da aka rubuta ba ka ɓoye ko kalma ba. Ƙanin mamacin ya kwaɗa maka mari har tabaranka ya faɗi ya fashe. Samari suka yo kanka, da ƙyar maigari ya shiga tsakani. Ya ce da ƙura ta lafa ka durƙusa kana laluben gilashin a cikin yashi, kana cewa, "Ku yi haƙuri. Ni na ɗauki hoton. Ba ni na rubuta ba, amma da hannuna ya tahi." Da ka dawo da kumburarren kunci na ce mu je jandarma, ka ce in ka kai ƙarar wanda aka yi wa wasa da gawar ɗan'uwansa, da wane ido za ka dubi Allah.

Ƙaryar nan ba ta tsaya a takarda ba. Maigari ya riga ya yi wa ɗaya ɓangaren alkawarin goyon baya, su kuma sun yi alkawarin siminti don gyaran rijiyar. Da suka ga hoton suka ce ya ci amanarsu, suka janye. Waɗanda aka yi ƙaryar dominsu suka ci zaɓe, kuma ba su ma san akwai wani wuri mai suna Tungar Malami ba. Bazarar nan kaf matan ƙauyen a kan jakuna suka yi ta, suna ɗebo ruwa daga wani gari, har wasu gidaje suka kwashe suka koma Najeriya.

Ka tafi Yamai neman a gyara. Ka zauna a bakin buro har darektan jaridar ya gaji da ɓuya ya fito. Ka gaya mini abin da ya ce maka, kana kwaikwayon yadda yake gyara ƙullin wuyansa: "Malam Hamani, siyasa ce. Bayan zaɓe kowa zai manta." Gyaran ya fito bayan an rantsar da sabon shugaba, a shafin ƙarshe, ƙarƙashin tallan tayoyin mota, da baƙaƙen da sai an matso da fitila. Kai kuwa ka ɗauke shi tamkar wani babban labari. Ka karanta shi a tasha, ka karanta a kasuwar Bazaga, ka karanta a Dogarawa, ka maimaita Laraba bayan Laraba har direbobi suka haddace suna riga ka faɗa.

A nan ne na yi tsammanin za ka dawo hayyacinka. Na zo gidanka na zauna na ce, "Yaya, sun ɓata maka suna, sun raba ka da surukinka, sun sa an mare ka. Me kake jira? Ka aje musu aikinsu. Lakwal za ta karɓe ka gobe."

Ka ce, "Zeinabou, in na bari, kina tsammani za su daina rubutu a kan Ƙonni? Za su ci gaba, daga cikin buro, ba su ko san ina anka binne Mumuni ba. Ni ko in sun yi ƙarya, aƙalla akwai wanda za a kama a mara."

Wannan amsa ce ta mai hankali, fisabilillahi? Har yau ban yarda da ita ba. Amma ita ka riƙe har ka koma ga Allah.

Kuma ba ka bar maganar rijiyar ba. Ka bi buro-buro a Ƙonni da Tawa har masu gadi suka san ƙarar baburinka. Ka yi ta aika rahoto a kanta har jaridar ta ce ka ishe ta da rijiya. Ba abin da ya motsa sai a zaɓen 'yan majalisa na farkon 1995, lokacin da ƙawancen jam'iyyu ya wargaje a Yamai, Ƙararrawa ta wayi gari ta gano cewa mutanen da ta ce masu mayar da ƙasa baya ne, ashe su ne masu ceto ta. Ba kunya, ba neman gafara. Hoto ya sake fitowa a shafin farko, na ɗaya ɓangaren. Ka sake hawa benci ka karanta. Waɗanda suka yi maka tafi a da suka kira ka ɗan amshin shata, waɗanda suka tofar da yawu suka rungume ka. Alhaji Attahiru ya aiko da rago, ya ce a kawo masa takwaransa ya gani, alhali yaron har ya fara gudu. Ya tarbe ka a zaure yana cewa, "Ɗana, na san za ka gane hanya."

Ka ce, "Alhaji, ni ban tahi ko'ina ba, ban kuma dawo ba. Jarida ce ta juya. Amma tun da yau kana jin daɗina, ina roƙon mota guda ta kai siminti da tsakuwa Tungar Malami."

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ba da motar, ya ƙara da simintin. Mutanen ƙauyen suka ba da ƙarfinsu. Inda yashi ya hana mota wucewa aka ɗora a amalanken jakuna, kai ma kana cikin masu turawa, da wannan bayan naka mai ciwo. Kafin damina ta faɗi aka sha ruwa. Ka rubuta labarin ka aika Yamai. Ba su buga ba. Sun ce ba labarin ƙasa ba ne.

Bara kuma, da soja suka sake karɓar mulki aka shirya wani zaɓen, jaridar ta juya karo na uku. Wannan karon ba wanda ya yi maka tafi. Ɓangarorin biyu da ta taɓa bi, duka suka haɗu a kan cewa kai ɗan kowace gwamnati ne. Kai da ba ka taɓa samun ko kujerar zama a wajen taron wata jam'iyya ba, kai da baburinka sai an tura yake tashi. Rahotanninka suka daina fitowa. Labarin farin da suka cinye gero a Dogarawa, labarin ƙyanda a ƙauyukan Illela, duk ka aika, duk shiru. Zoben da ake yi maka a tasha ya ragu har ya koma tsofaffi kaɗan da mai shayi. Ciwo ya fara cin ka, idanunka suka yi rawaya, ba ka iya hawa benci sai dai ka zauna a kai, amma ba ka fasa ba. Na ce, "Wa kake yi wa?" Ka ce ko mutum ɗaya ne ya zo, yana da haƙƙin ya ji abin da ake faɗa da sunansa a Yamai.

To ga sakayyar da suka yi maka. A fitowar makon jiya sun ba ka ɗan gurbi a shafin ciki. Sun rubuta sunanka Hamadou. Sun ce ɗan Madawa ne kai. Sun ce ka rasu kana amintaccen mai kare ra'ayin jaridar. Wane ra'ayi daga ciki? Na 1993, ko na 1995, ko na bara? Ina shaida wa duk mai karanta wannan takarda cewa Hamani Buba, haifaffen Ƙonni, bai taɓa kare ra'ayin Ƙararrawa ba ko da rana ɗaya. Ya ɗauki nauyinta ne kawai, ya sha mari da zagi da ƙauracewar dangi a madadin mutanen da suke kwana lafiya a Yamai. Jarida tana da damar ta so wanda take so. Amma in za ta so, ta faɗa da bakinta, ta bar rubuta wa kanta cewa ba ta bin kowa, kuma ta bar kukan matan mutane a matsayin kuka.

Akwai abu guda da ban yafe maka ba tukuna. Ana saura kwanaki ka cika, ina zaune a bakin gadonka ina ba ka kunu, Sa'a na gefe tana fifita. Ka ɗan sami sauƙi ran nan, har kana tsokanar yara. Na ce, "Yaya, duk garin nan kowa ya ba ka jam'iyya. Ni ƙanwarka ce. Yau dai ka gaya mini, a duk zaɓuɓɓukan nan, wa ka jefa wa?" Sa'a ta dakatar da mafici, ta ce ita ma da ta haifa maka 'ya'ya ba ta sani ba. Ka dube mu ɗaya bayan ɗaya, ka yi murmushin nan naka mai ba da haushi, ka ce:

"Ku kuwa don mi kuke tsammani anka sa labule a ɗakin zaɓe? Ƙara mini kunun."

Haka ka tafi da shi. Mutumin da ya kwashe shekaru yana karanta wa gari ra'ayin wasu, bai bar mana nasa ba ko a kunne.

Allah ya jiƙanka, Yaya Hamani. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi. Allah ya sa gaskiyar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da ba mai yanke hoto, ba mai sauya magana. Allah ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Sa'a, wadda ta yi haƙuri da taurin kanka fiye da yadda na iya, da 'ya'yanka Fadimatu da Saude da Attahiru ƙarami, Allah ya raya su, ya ba su zuciyarka, ya ɗan rage musu kafiyarka. Ina yi wa Alhaji Attahiru ta'aziyya, wanda ya shiga kabari da kansa ya karɓe ka duk da tsufansa. Ina yi wa maigari Chindo da jama'ar Tungar Malami, da mutanen tashar Ƙonni. Har su masu jaridar ina yi musu, ko da ba su san girman abin da suka rasa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Ni dai, Yaya, har yanzu ina ganin ni ce mai gaskiya, ya kamata ka aje aikin nan tun ranar da aka mare ka. Sai dai yanzu ba ni da wanda zan gaya wa haka ya yi mini dariya.

Ƙanwarka,
Zeinabou Buba
Illela, Afrilu 1997